Miyar Masu Jinga

Ruwa ya shigo ƙauyen ta bayan masallaci, ya bi lungu-lungu har ya kai gindin rumbuna. Mata da yara da tsofaffi suka kwashe abin da hannu zai iya ɗauka suka hau tudun makarantar firamare, kowane gida ya tara kayansa a kusurwar aji. Maza kuwa suna can bakin kogi, wajen jingar da ta rage tsakanin ruwan da gonakin shinkafa. In ta ɓalle noman bana ya tafi, kuma ruwan ba zai tsaya ba sai ya iske su har tudun. Tun da gari ya waye suke cika buhuna da ƙasa suna dannawa.

Bara'atu ce ke riƙe da tukunyar kowa. Ba wanda ya naɗa ta, amma a duk yankin nan na gabas da Auyo in ana biki ko suna ita ake kira, kuma mijinta Yunusa shi ke jagorantar aikin jingar. Da hantsi ta gama tuƙa tuwon shinkafa, aka kwashe aka jera a manyan bahuna. Miyar ma ta ɗora ta daidai mutanen garinsu: ɗan tattasai da attaruhu, daddawa, da bandar tarwaɗa da ta tsinto daga gidaje. Ana cikin haka Tasi'u mai kwale-kwale ya zo ɗaukar buhuna, ya ce mata mutanen ƙauyen da ke ƙetare sun zo taya su aiki, jirgi biyu cike.

Ta ƙara ruwa a tukunyar, don ba abin da za ta ƙara sai shi. Kafin ta tafasa hadari ya sauko, tamfol ɗin da suka kafa a kan murhu ya tara ruwa ya tsiyaye shi tsakiyar miyar. Da aka ɗauke ruwan ta sa ludayi ta ɗebo ta zuba. Tsululu ta sauka, ɗan kifin yana yawo a ciki.

"Yaya Bara'atu, a kai haka nan mana," in ji 'Yar'azumi, maƙwabciyarta da ke taya ta aikin. "Yunwa suke ji, za su ci."

"Mutane sun baro nasu garin sun zo sun shiga ruwa dominmu, sai in aika musu da ruwan zafi? Wannan ko tuwo ba za ta kama ba. Kuma kafin Tasi'u ya kai ta, rabinta ya zube a jirgi."

Ta durƙusa ta hura wutar ko za ta ƙone ruwan, amma itacen ya jiƙe, hayaƙi kawai yake yi, kuma saura 'yan guntaye. Garin kuka ya ƙare tun jiya. Ta aika aka ɗauko mata ƙullin busasshiyar kuɓewarta, ta kwance, ta tarar ta sha ruwa ta yi fumfuna. Ta bi aji-aji tana tambayar ko akwai mai gyaɗa, ko da cikin tafin hannu ce. Babu. Ta tsaya a kan bahunan tuwon tana tunanin ta ɗebi malmala biyu ta dama a ciki, sai ta tuna tuwon ma da ƙyar zai zagaya.

Daga bakin ruwa Tasi'u ya ɗaga murya. "Uwar gida, rana na yi! Mutanen nan ko koko ba su sha ba."

"Ka ɗan ba ni lokaci, Malam Tasi'u."

'Yar'azumi ta matso kusa. "Na ga wake a ajin ƙarshe, cikin kayan gidan Malam Haladu. Kusan rabin buhu. In aka daka aka tankaɗe, ai garinsa zai kama ta."

"Ina Saude, matarsa?"

"Ta raka mahaifiyarta bakin titi, za a sa ta a mota zuwa Auyo. Ba za ta hana ba, mijinta ma yana cikin masu cin."

Bara'atu ba ta son taɓa kayan mutum ba ya nan. Ta sake duban tukunyar, ta dubi Tasi'u da ke tsaye da gorar tuƙi a hannu.

"Ɗebo kwano guda. In ta dawo ni zan gaya mata."

Ba lokacin surfe, ba lokacin wanki, domin jiƙaƙƙen wake ba zai daku ya yi gari ba. 'Yar'azumi ta zuba shi a turmi yadda yake, ita da wata mata suka hau shi da taɓare. Tana tankaɗe tana atishawa, ta ce waken nan ya kwashi warin ajin, don a can aka tara jarkokin fetur da buhunan taki. Ba wanda ya kula. Rabin matan da ke tudun mura suke yi, ita kanta Bara'atu hancinta a toshe yake tun ranar da suka kwana cikin jiƙaƙƙun kaya.

Ta dama garin da ruwan sanyi don kada ya yi gudaji, ta riƙa tsiyayawa a hankali tana kaɗawa da maburgi. Ta sa guntayen itacen da suka rage gaba ɗaya. Ba a jima ba miyar ta fara nauyi a hannunta, tafasar ta canja sauti, ta koma fal-fal a hankali. Ta ɗebo a ludayi ta karkata, miyar ta sauko da kauri tana manne wa bakinsa. Ta ɗiga a tafin hannu ta lasa. Akwai ɗan ɗaci can ƙarshen harshe. Ta ce hayaƙi ne, ta ƙara gishiri da ɗan barkono.

"Kin gani ko?" in ji 'Yar'azumi tana dariya. "Kamar ta gidan biki."

Aka zuba kashi mafi yawa a manyan robobi masu murfi, aka jera su da bahunan tuwo a cikin kwale-kwale. Tasi'u ya dafa gora ya tura, ya bi ta bayan gonaki har kacala, doguwar ciyawar nan ta cikin ruwa, ta ɓoye shi.

Bara'atu ta dawo ta sa aka jera kwanukan yara a barandar aji. Al'adarta ce ba ta kiran kowa sai ta gama zuba wa kowa, don kada na farko ya cinye ya dawo layi. Ta kai wajen rabin kwanukan ke nan Saude ta hawo tudun, zaninta a jiƙe har ƙugu, takalmanta a hannu.

"Sannu da hanya, Saude. Inna ta samu mota?"

"Ta samu, da ƙyar."

"To, mun taɓa miki kaya ba kya nan. Miya ce ta tsinke mana, na sa aka ɗebi wakenku kwano guda."

Saude ta tsaya. "Wane wake?"

"Na ajin ƙarshe."

"Yaya, mu ba mu da waken ci. Namu ya ƙare tun kafin damina ta yi nisa." Ta saki takalman. "Ba dai buhun da aka ɗaure da jan ƙyalle ba?"

'Yar'azumi da ke wanke rariya ta ɗago kai. "Shi ne."

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un! Iri ne! Irin da Malam zai shuka ne in ruwa ya janye. Maganin ƙwari ya zuba masa, ko a ɗakin kwana bai yarda a ajiye shi ba. Ya ce ko kaza kada a bari ta kusance shi."

Ludayin ya faɗi daga hannun Bara'atu. Ta juya ta ga wata yarinya ta rarrafo tana miƙa hannu ga kwano na farko, ta yi tsalle ta fizge shi.

"Kada wanda ya taɓa! Ku kama yaranku! Akwai wanda ya ci? Ku faɗa mini, akwai wanda ya lasa?"

Ba kowa. Mata suka yi ta janye 'ya'yansu, yaran da suka ga abinci ya wuce su suka fashe da kuka. Bara'atu ta zaro ƙullin leda daga ɗamararta don ta kira mijinta, sai da ta kwance ta tuna wayar Yunusa ce a ciki. Yawancin mazan sun bar wayoyinsu a tudu saboda ruwa. Aka kira ta Tasi'u, a kashe. Wata ta kira ta ƙanenta, ba ta shiga. Saude ta kira ta Haladu, sai ga ta tana ƙara a cikin aji, a aljihun rigarsa da ke rataye.

"Wa ke da jirgi?"

Duk jiragen suna bakin jinga. Baba Shu'ibu, wani dattijo da ciwon ƙafa ya hana shi bin maza, ya dafa bango ya miƙe.

"Tasi'u zagaye zai yi, kacala ta toshe mashigin kusa. In muka bi tsohuwar hanyar tudu da babur, wataƙila mu riga shi. Amma an ce ruwa ya yanke ta wajen kwalbati."

"Kai ni inda ta yanke, Baba."

Ta ce wa Saude ta tsaya a kan tukunyar kada kowa ya matso, a haƙa rami a binne abin da ke kwanukan. 'Yar'azumi na tsugune inda take, rariya a hannu, ba ta motsa ba.

Babur ɗin na ɗan Baba Shu'ibu ne, sai da aka tura shi kafin ya tashi. Hanyar ta zama taɓo, tayar baya na wulwulawa tana watsa musu laka. Sau biyu suna zamewa, a na biyun suka kwanta gaba ɗaya, bututun hayaƙin babur ɗin ya ƙona mata ƙwauri. Ba ta ji zafin ba sai daga baya. Ta ɗaga babur ɗin, ta ɗaga dattijon, suka sake hawa. Hagu da dama ruwa ne shimfiɗe, kawunan dawa kawai ke leƙowa.

Tana bayan babur ɗin ta ji yawu na taruwa a bakinta. Ta tofar, ya sake taruwa. Ta tuna ɗacin nan na ƙarshen harshe. Ba ta san ko maganin ne ko tsoro ba, kuma ba ta gaya wa Baba Shu'ibu ba.

A wajen kwalbati hanyar ta ƙare. Ruwa ya haye ta yana gudu, ja kamar kunun kanwa. Can gaba, bayan ruwan, tana hango doron jingar ya miƙe.

"Ki bi ta hannun dama, inda ciyawa ta fito," in ji dattijon. Ya miƙa mata sandarsa. "Kada ki ɗaga ƙafa sai kin dasa wannan. Allah Ya tsare."

Ta ɗaure zaninta tamau ta shiga. Ruwan ya kai gwiwa, ya kai ƙugu, a tsakiya ya kai ƙirji yana tura ta gefe. Ƙasan ya yi santsi, wani abu ya naɗe mata ƙafa ta fizge. Ta dasa sanda, ta ja jiki, ta sake dasawa. Bakinta na karanta duk addu'ar da ta zo mata, rabi-rabi. A wani wuri ƙafarta ta rasa ƙasa, ruwa ya shiga hancinta, ta kamo tushen ciyawa da hannu ɗaya ta ja kanta har gwiwarta ta taɓa tudu.

Ta hau doron jingar ta fara gudu. Buhunan da aka jera sun jiƙe, tana taka su suna zamewa. Ta hango mazan can nesa kamar tururuwa, wasu cikin ruwa, wasu na ɗauke da buhuna a ka. Ta ƙwala kira, amma injin da ke zuƙe ruwa daga gonaki ya danne muryarta. Sai ta hango abin da take tsoro: kwale-kwalen Tasi'u a ɗaure a gindin wata giginya, mutane kuma a tsugune sun yi da'ira.

Da yake ba a barin jinga ba kowa, kashi-kashi suke ci. Kashin farko ne a zaune, na biyu na wanke hannu a bakin ruwa. Bara'atu ta ratsa tsakiyarsu ba sallama, ta kama bahon da ke gabansu da hannu biyu ta kifar da shi a laka. Ta juya ta rungumi robar miyar da ke buɗe ta ja ta baya.

Hayaniya ta tashi.

"Kai! Wace ce wannan?"

"Mahaukaciya ce?"

Yunusa ya taho da gudu daga bakin aiki, laka har wuya. Ya ga matarsa ba mayafi, ɗankwali ya tafi, jikinta na zubar da ruwa. "Ke! Lafiyarki kuwa? Me ya faru? Yara ne?"

Numfashi ya hana ta magana. Ta nuna robar, ta nuna Haladu, wanda ke tsugune da loma a hannu.

"Wake," ta ce da ƙyar. "Waken Malam Haladu na sa a miyar. Na ajin ƙarshe. Mai jan ƙyalle."

Haladu ya dubi lomar da ke hannunsa. A hankali ya buɗe yatsunsa ta faɗi.

"La'ilaha illallahu," ya ce. "Ku tofar. Duk wanda ke da abu a baki ya tofar. Magani ne a jikinsa."

"Wane irin magani?" in ji Yunusa.

"Na ƙwari. Kuma ninki na zuba, don bara sun cinye mini iri tas." Ya dubi Bara'atu. "An wanke shi?"

Ta girgiza kai.

Aka duba waɗanda suka ci. Haladu ne, da Tasi'u, da baƙi biyu daga ƙauyen ƙetare, waɗanda aka gabatar saboda girmamawa. Baƙin ba su yi nisa ba. Tasi'u ya ce shi ma kaɗan ya ci. Haladu kuwa shi ya fara sa hannu, kuma ya yi ta yaba miyar yana ƙarawa.

Wani dogo daga cikin baƙin, mai suna Ahmed, yayan ɗaya daga waɗanda suka ci, ya jefar da shebur ɗinsa ya matso.

"Mu baro gidajenmu cikin ruwa mu zo taimakonku, ku ba mu guba?"

"Ɗan'uwa, tsautsayi ne," in ji Yunusa.

"Tsautsayi? Mace ta dafa abinci ba ta san abin da ta zuba ba? Wallahi in wani abu ya sami ƙanena..."

Mutanensa suka taru a bayansa, na garin su Yunusa ma suka fara matsowa. Wani na cewa a nemo manja a ba su, wani na cewa madara, wani na cewa su sa yatsa a maƙogwaro. Daga can ƙarshen jingar wani ya yi ihu cewa ruwa na tsattsafowa ta ƙarƙashin buhuna, a kawo ƙasa. Ba wanda ya motsa.

Bara'atu ta miƙe tsaye. "Malam Ahmed, ni na zuba, ba wani ba. Abin da za ka faɗa mini ka faɗa, amma a cikin jirgi. A kai su asibiti tukuna."

Yunusa ya dubi inda ake kiran ƙasa, ya dubi kwale-kwalen. Tasi'u ba zai iya tuƙi ba, ke nan sai an cire mutum biyu masu ƙarfi daga aikin, a daidai lokacin da ake neman hannu.

"Malam Ahmed, kai ka iya gora, ka kama gaba. Ƙanena zai kama baya. Ku nufi bakin titi, kada ku tsaya ko'ina. Sauran kowa ya koma bakin aiki, don Allah. Tuwon da ke rufe ba abin da ya same shi, a ci shi gaya. Robobin miyar nan kuma a ɗaure su, kada a zubar a kogi." Ya juya ga matarsa, ya rage murya. "Kin ɗanɗana?"

"Sau ɗaya."

Fuskarsa ta canja. Ya cire rawanin da ya ɗaure kansa da shi ya miƙa mata ta rufe kai. "Shiga jirgin."

Ba su yi nisa ba Haladu ya fara gumi, ga shi kuwa iska na kaɗawa. Ya kira Bara'atu ta matso, ya faɗa mata sunan maganin da kalar robarsa, ya sa ta maimaita har sau uku.

"In mun isa ban iya magana ba, ki gaya wa likita. Za su tambaya."

"Za ka faɗa da bakinka, Malam."

"Ki dai riƙe."

Daga nan yawu ya fara zubo masa, ya riƙe ciki ya dunƙule. Ya yi amai a gefen jirgi, ya sake yi. Ƙanen Ahmed ma ya ce cikinsa na murɗawa. Ahmed kuwa gora kawai yake dasawa yana turawa, jijiyoyin wuyansa sun tashi. A wani mashigi kacala ta riƙe jirgin, ya diro cikin ruwa ya tura shi da kafaɗa har ya fita. Bara'atu ta tallafe kan Haladu ta karkata shi gefe don kada ya shaƙe, tana goge masa baki da gefen rawanin, tana maimaita sunan maganin a zuci. Idanunsa a buɗe suke amma ya ce yana ganin hazo. Ƙirjinsa ya fara wani kurkur in ya ja numfashi.

"Malam Haladu, kana jina? Yi magana."

"Ina ji," ya ce. Can kuma ta sake kira, bai amsa ba sai da ta girgiza shi.

A bakin titi suka sami wata a-kori-kura da ta sauke buhunan da ba komai a ciki, za ta koma. Direban na jin abin da ya faru ya buɗe baya, aka shimfiɗa Haladu, sauran suka zauna kewaye da shi. Har suka shiga Haɗejiya hannun Bara'atu na kan ƙirjinsa, tana jin yana hawa yana sauka.

A asibiti ma'aikata suka karɓe su da gaggawa. Tambayar farko da likita ta yi ita ce wane magani ne, Bara'atu ta faɗa, har da kalar robar. Aka shiga da Haladu ciki, aka yi ta yi masa allura ana duba idanunsa, aka sa masa ƙarin ruwa. Sauran ukun aka kwantar da su a wani ɗaki. Ita aka duba ta, aka wanke mata ƙunar ƙwaurinta aka ɗaure, aka ce ta zauna inda za a riƙa ganinta. Ta zauna a kan benci, Ahmed na tsaye a ɗaya ƙarshen barandar ya juya mata baya.

La'asar ta wuce kafin likitar ta fito ta ce numfashin Haladu ya fara daidaita, amma zai kwana biyu a wurinsu. Ta ce da an ƙara jinkiri, ko da ya ƙara cin wani abu a kai, da maganar ta bambanta. Saude ta iso gab da magariba, ta wuce Bara'atu ba ta dube ta ba, ta shiga wajen mijinta.

Washegari aka sallami Tasi'u da baƙin biyu, Bara'atu ma aka ce ta tafi. A tudu ta tarar an binne miyar da kwanukan da aka zuba ta, turmin ma an jefa shi ramin. Jingar ta tsaya, ko da yake ruwa ya haye ta ƙarshenta ya ci gonakin da ke kwari, har da ta Yunusa guda. Mazan sun ci tuwonsu gaya da gishiri da barkono. Rabin baƙin sun koma garinsu tun a ranar, rabi sun tsaya har aka toshe inda ke tsattsafowa. 'Yar'azumi kuwa tun jiya ba ta fito daga aji ba, sai da Bara'atu ta shiga ta kamo hannunta ta ce shinkafa na jiran tsinta.

Haladu ya dawo bayan 'yan kwanaki, ya rame, muryarsa ta dishe. Da Bara'atu ta je gaishe shi ya ce laifin har da nasa, da ya ajiye irin a cikin kayan gida bai gaya wa kowa ba sai matarsa. Saude ta amsa gaisuwarta a gajarce, ta ci gaba da abin da take yi.

Da ruwa ya ɗan lafa, Yunusa ya ce ya kamata su ƙetara su gaishe da mutanen da suka zo taimako. Tasi'u ya kai su. Maza suka tsaya a zaure da Yunusa, aka shiga da Bara'atu cikin gidan su Ahmed, wajen mahaifiyarsu, wata tsohuwa mai suna Yakaka, da tsagen Barebari a kumatunta. Tana zaune a bakin ɗaki tana gyaran zogale. Bara'atu ta durƙusa daga nesa ta gaishe ta. Tsohuwar ta amsa ba ta ɗago ba, ta ci gaba da tsinke ganyen.

"Ke ce aka ce kin ratso ruwa har ƙirji?"

"Ni ce, Iya. Ni ce kuma na dafa."

"Na ji duka biyun." Ta ɗago ta dube ta sosai, ta dubi ɗaurin da ke ƙwaurinta. "Ɗana ya kwana yana amai. Ni ma ban runtsa ba."

"Ki yafe mini, Iya."

Tsohuwar ta kira jikarta ta ce a kawo tabarma da ruwa. Da aka shimfiɗa, ta nuna wa Bara'atu gefenta.

"Taso daga cikin rana. Wannan ƙunar wa ya ɗaure miki ita haka? Kwance in gani."

Bara'atu ta matso ta miƙa ƙafar, tsohuwar ta ture faifan zogalen gefe ta fara warware ɗaurin.